Barmani Choge da Matan da Ke Bayanta

Ina so in ba ku labarin wata kunya da na jawo wa kaina a zangon da ya wuce, da kuma labarin wata mawaƙiya wadda ban taɓa gani da idona ba, domin sa'ad da Allah ya yi mata rasuwa ban fi shekara huɗu da haihuwa ba. Ita ce Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, mai kiɗan amada, mutuniyar Funtuwa.

Duk wadda ta yi zaman makarantar kwana ta san daren Asabar. In an gama cin tuwo, tun da babu karatun dare, sai mu taru a barandar ɗakin kwananmu, a kife bokitai, a yi ta kiɗa da waƙa har a kaɗa ƙararrawar barci. Ran nan bokiti ya zo hannuna. Ban ankara ba sai hannuna ya kama wani kiɗa dabam, wanda na tashi ina ji a gidanmu a Samaru. Sai wata babbar ɗaliba ta ɗaga murya ta ce, "Ke kuma, wannan kiɗan tsofaffi daga wane ƙauye kika kwaso shi?" Aka fashe da dariya. Maimakon in ce na kakata ne, sai na ce wai a rediyo na ji, ni ma ba'a nake yi. Na miƙa bokitin na koma gefe. Daren nan na daɗe barci bai ɗauke ni ba, domin na san na yi ƙarya, kuma na san wadda na yi wa.

Kakata, watau mahaifiyar Babana, Iya muke ce mata. Ni kuwa ba ta kirana da sunana, sai dai ta ce "kishiya," kamar yadda kakanni ke yi wa jikokinsu mata. A zamanin ƙuruciyarta su shida ne a unguwarmu masu kiɗan ƙwarya. In ana biki ko suna, daga Hayin Dogo har Bomo, sai a aiko musu da goro. Ba wani kuɗin kirki suke samu ba, sai tuwon biki da ɗan abin da aka liƙa musu. Yawancin waƙoƙin da suke yi na Barmani ne, wasu kuma na Uwaliya Mai Amada ta Kano, wadda ta riga Barmani yin suna.

Watakila akwai waɗanda ba su san yadda ake kiɗan ba, to bari in bayyana. Amada kiɗan mata ne na cikin gida. Babu ganga, babu kalangu, sai ƙwarya kawai. Ana kife ƙore manya da ƙanana a ƙasa, mata su zauna a bayansu suna bugu da 'yan sanduna. Sa'an nan a cika daro da ruwa a kife wata ƙwarya a kai tana yawo, in an buge ta sai ta ba da murya mai kauri wadda ake ji har a ƙirji. Zabiya tana tsaye tana ba da waƙa, sauran suna amsawa. Ke nan kayan da mace ke dama fura da su da safe, su ne kayan kiɗanta da yamma.

Da irin wannan kayan Barmani ta yi suna a ƙasar Hausa duka. Ta kama waƙa sosai a cikin shekarun 1970, ta yi wajen shekara arba'in tana yi, har ta rasu a Funtuwa a watan Maris na 2013. Funtuwa kuwa ba baƙon gari ba ne gare mu. Titin da ya ratsa Samaru ta gaban Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne ya wuce Shika da Giwa ya isa can, kuma har 1987, sa'ad da aka yanke Jihar Katsina, jiharmu ɗaya da su. Garin ne kuma inda Alhaji Mamman Shata ya zauna. Na sha tunani cewa ba ƙaramin abu ba ne mace ta fito daga garin da Shata yake, da ƙwarya kawai, kuma a san da ita.

Da aka ba mu hutu na tarar Iya ba ta jin daɗi. Sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, ko carbi da ƙyar take ja. Rakodarta ta daɗe da lalacewa, amma kasusuwanta guda biyar suna nan ƙunshe cikin tsohon ɗankwali a ƙasan adaka. Don in wanke laifin da ita ba ta ma san na yi ba, sai na roƙi Baba izini, ni da yayana muka hau bas daga kasuwar Samaru, muka bi ta Kwangila muka sauka Sabon Gari. Mun sha yawo cikin kasuwa kafin mu sami mai rakoda, domin yawancin masu sayar da waƙa yanzu sai kwamfuta. Daga ƙarshe aka nuna mana wani dattijo a wani lungu. Ya duba kasusuwan, ya ce biyu sun mutu, zaren ya manne. Ɗaya ya tsinke, ya haɗa shi da ɗan gam, ya sa biro ya naɗe. Ya ce mana, "Yara, ai duk waɗannan suna cikin waya yanzu, don me za ku wahala?" Na ce masa, "Baba, nata take so." Ya yi murmushi, ya juye mana su cikin memori, har da shuuu ɗin da tsohon kaset yake yi.

Abin da na gani da muka kunna mata shi ne dalilin rubuta wannan. Na zaci Iya za ta bi muryar Barmani. Ko kusa. In Barmani tana ba da waƙa sai Iya ta yi shiru tana jira, kanta a sunkuye, da zarar 'yan amshi sun shigo sai ta shigo tare da su, ba ta riga su ba, ba su riga ta ba. Na ce, "Iya, me ya sa ba kya yin na Hajiyar?" Ta ce, "Ke kishiya, ba ki da wayo. Kowa ya ce shi ne zabiya, wa zai riƙe waƙar? Ita tana hawa tana sauka yadda ta ga dama don ta san muna nan."

Sa'an nan ta ba ni labarin ranar da ta ga Barmani, sau ɗaya tak, a wani biki a Sabon Gari, lokacin Babana yana firamare. Ta ce gidan ya cika har mata suna hawa kan turmi, ana guɗa, ana liƙi, sabbin nairori suna zuba a kan tabarma. Amma ita idonta na kan wata mata daga can gefe, mai buga ƙwaryar ruwa. Ta ce tun daga la'asar har aka kira magariba matar nan ba ta ɗaga kai ba, zanenta ya jiƙe sharkaf, hannunta kuwa bai kuskure ko sau ɗaya ba. Na tambaye ta sunan matar. Ta ce wa ya tambaya? Na ɗauko kwalin kaset na juya gaba da baya, hoto ɗaya ne, suna ɗaya. Ban ce wannan laifin Barmani ba ne, haka ake yi wa 'yan amshin kowane makaɗi. Amma tun daga ranar in na kunna waƙarta, matan da ke bayanta nake kasa kunne in ji, ina ƙoƙarin in rarrabe muryoyinsu. Akwai wata mai siririyar murya da take ɗan makara kaɗan, har na saba da ita.

Ba zan ɓoye muku ba, Baba bai so wannan sauraron ba. Ya shigo ya ji, ya ce da ni, "Kashe wannan, akwai batsa a ciki." Kuma gaskiyarsa, akwai waƙoƙin Barmani da ba zan iya maimaita kalmominsu a gabansa ba, akwai kuma masu zafin habaici ga kishiya, kamar "Sakarai Ba Ta da Wayo." A ganina an yi su ne don tsakar gida, inda mata su kaɗai suke, suna faɗin abin da ba su iya faɗi a gaban maigida, kaset da rediyo ne suka fitar da su zaure. Amma kafin in buɗe baki Iya ta riga ni. Ta dube shi ta ce, "Kai, da kuɗin me ka yi sakandare?" Baba ya sosa ƙeya ya fita, bai ƙara cewa komai ba.

Daga baya Umma ta warware mini. Akwai waƙar Barmani da ake kira "A Kama Sana'a Mata," inda take kiran mata su tashi su nemi na kansu. Iya ta yi ta amsa waƙar nan a gidajen biki har kunya ta kama ta, wai tana faɗa wa mata abin da ita ba ta yi. Sai ta ɗauki kuɗin adashenta ta sayi tiya biyu ta gyaɗa ta fara ƙuli-ƙuli da mai. Yara na kai mata talla kasuwar Samaru, matan ma'aikatan jami'a suna aikowa da kwalabe. Da Kaka ya rasu, wannan gyaɗar ce ta riƙe gidan, ita ta saya wa Baba akwati da katifa ya tafi makarantar kwana kamar yadda nake a yau. Ashe ko bokitin da aka yi mini dariya a kansa, in aka bi salsala, da gumin amada a ciki.

Cikin su shida ɗin nan, saura Iya da wata ƙawarta guda, ita ma idonta ya yi rauni. Bikin unguwarmu yanzu sai a ɗauko mai lasifika ya sa waƙa daga kwamfuta. Wani lokaci har Barmani yakan sa, iyaye mata su miƙe su taka, 'yan mata su tsaya suna ɗauka a waya. Sai dai ba mai amsawa, domin amshin ma yana cikin na'ura.

Ana gobe zan koma makaranta Iya ta sa na ciro mata wata ƙwarya daga bayan gado. Ta yi baƙi don tsufa, ta tsage a gefe, gyartai ya ɗinke ta tun ban zo duniya ba. Ta ce, "Ungo, kishiya, tun da kin ƙwace mini miji, haɗa da wannan." Ta kama hannuna ta nuna mini inda ake bugu, ba a tsakiya ba, ɗan gefe kaɗan, kuma ba da ƙarfi ba.

Ƙwaryar tana cikin akwatina yanzu, naɗe cikin zanen makaranta. A Asabar ta farko na fito da ita baranda, na ce da babbar murya ta kakata ce, kuma ƙarya na yi wancan karon. An ɗan yi dariya, amma ba kamar da ba. Zuwa yau mu huɗu ne, biyu daga ajinmu, ɗaya 'yar aji biyu wadda ta ce ita ma gwaggonta a Muciya tana yi. Mun zaɓi waƙoƙin da ba za su kai mu ofis ba. Har yanzu ba mu sami mai buga ƙwaryar ruwa ba, domin kowa na gudun jiƙa kaya. Wadda take so, ta same mu bayan ɗakin cin abinci ranar Asabar in an idar da sallar la'asar, ta zo da daronta.