Ranar da 'Yata Ta Ce Aikin Jirgin Sama Take So

In kina da 'ya mace da ta fara tasawa, ki ɗan zauna ki karanta wannan, domin abin da ya same ni yana iya zuwa kanki gobe.

Ba zan faɗi sunanta ba, kin san 'yar fari ce. Ƙannenta Yaya suke ce mata, ni ma da haka nake fakewa. Shekara uku ke nan, wata rana bayan la'asar ina tsintar shinkafa, ta zo ta zauna a bakin tabarma tana ta murza yatsu. Can ta ce, "Umma, akwai kwas ɗin da nake so in yi. Na ma'aikatan cikin jirgin sama." Ko ɗaga kai ban yi ba na ce, "Masu raba shayi? Duk kuɗin makarantar da Abbanku ya kashe, a raba shayi zai ƙare?" Ta tashi ta shige ɗaki.

Gaskiyar magana ba shayin ne ya dame ni ba. A ranar Asabar 4 ga watan Mayu 2002, lokacin muna zaune a wajen Dala, ina goye da ita wannan yarinyar na ji wata irin ƙara da har yau ban manta ba. Jirgi ne ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, bai yi nisa ba ya faɗo a kan gidajen mutane a Gwammaja. Mutum fiye da ɗari suka rasu, da na cikin jirgin da waɗanda suke zaune a tsakar gidajensu. Na ga hayaƙin da idona. Tun daga ranar, in jirgi ya wuce ta saman gidanmu sai na tsaya da abin da nake yi har ƙararsa ta ɓace. To yarinyar da na goya a ranar ce take ce min a cikinsa take so ta riƙa wuni.

Sai kuma bakin mutane. Da maganar ta kai kunnen Gwaggonsu, da kanta ta tako. "Yarinyar da za ta riƙa kwana a otal a garin da ba ta da kowa, wa zai aure ta? Ina muharraminta?" Ban ga laifinta ba, don ni ma tambayar tana raina. Malamai suna da magana a kan tafiyar mace ita kaɗai, ni kuwa ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba. Abbansu ne ya ɗauki wata huɗu yana tambaya, ya zauna da malaminsa, ya je Zariya da ƙafarsa ya ga makarantar. Da ya dawo ya gindaya sharuɗɗansa: kamfanin da za ta yi wa aiki ya zama ya yarda ta rufe kanta, Kano ta zama mazauninta, kuma duk inda dare ya yi mata mu san sunan masaukin. Ni dai na yi shiru, amma shirun da bai kai zuci ba.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ban taɓa sanin cewa a Zariya, nan kusa da mu, akwai kwalejin koyon aikin jiragen sama tun 1964 ba. Ban san mace ta taɓa shugabantarta ba, Kyaftin Chinyere Kalu, wadda ita ce mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin sama a Najeriya. Da Yaya ta fara zuwa hutun ƙarshen mako ina jiran in ji labarin tire da kofuna, sai na ji ana maganar kashe gobara a cikin hayaƙi, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da abin da za a yi in naƙuda ta kama mace a sama. Har iyo aka koya mata, yarinyar da ban taɓa bari ta je bakin kududdufi ba. Ta ce min kafin a amince da samfurin jirgi sai an gwada cewa kowa zai iya fita cikin daƙiƙa 90, alhali rabin ƙofofin a rufe suke. Masu buɗe ƙofofin nan su fitar da mutane su ne waɗanda na kira masu raba shayi. Shi ya sa doka ta ce kowace kujera 50 sai da ma'aikaci ɗaya, ko za a ba da abinci ko ba za a bayar ba. Lasisi gare su daga hukumar NCAA, ana duba lafiyarsu, kuma duk shekara sai sun koma an sake gwada su. Kowane irin jirgi ma da horonsa. Wadda ta san ƙofofin ƙaramin Embraer mai kujera 50 ba za ta shiga Boeing 737 ta kama aiki haka kawai ba, balle babban 747 na alhazai.

Da ta fara aiki sai na fara gane yadda kamfanin jirgi yake, kuma na ga bai da maraba da gidan da ke da tukunya uku ana bikin mutum ɗari. Kamfanoninmu da yawa jiragensu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Jirgi ɗaya shi zai tashi daga Kano da sassafe ya sauka Abuja, ya wuce Legas, ya juyo Abuja, ya leƙa Yola ko Maiduguri, sannan ya dawo gida. In ya makara da awa ɗaya a tashin farko, duk wanda yake jiransa a sauran garuruwan ya makara. In tsuntsu ya faɗa cikin injin, sai injiniya ya duba ya sa hannu kafin ya motsa. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kuma akan janye jirgi gaba ɗaya a kai shi babban gyara, sau da yawa a ƙasar waje, ya yi makonni, a biya da dala. Man da yake sha ma wani irin kananzir ne, ke kin san yadda tsadar kananzir take. Wasu filayen jirgin kuma ba a sauka a cikinsu in duhu ya yi. Duk wannan yana bayan kalma ɗaya da ake faɗa mana a lasifika, wato "a yi haƙuri".

Su ma ma'aikatan da nasu tsarin. Jadawali ake ba su na kwanakin tashi, da na hutu, da na zaman ko-ta-kwana, inda za ta wuni a gida da kaya a goge, jaka a bakin ƙofa, waya a hannu. In tashin ƙarfe bakwai ne, kafin kiran assalatu ta shirya, ƙaninta ya kai ta. Kafin fasinja ko ɗaya ya shiga sai shugabarsu ta tara su ta yi musu tambayoyi a kan matakan ceto, sannan kowa ya duba tukunyar kashe wuta da ta iskar shaƙa da akwatin magani na ɓangarensa. Kuma akwai iyakar awoyin da doka ta yarda matuƙi da ma'aikata su yi suna aiki. In sun cika, sun cika.

Wannan dokar ce ta haɗa ni da ita faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Bikin ƙanwarta ya faɗo a watan Janairu, tsakiyar hunturu. Ta roƙi wata abokiyar aikinta suka yi musanyar kwanaki, ya rage mata aikin Juma'a kawai, ta dawo daga Legas da yamma, Asabar a ɗaura aure. Ranar Juma'ar hazo ya rufe Kano har ba ka hango ƙarshen layinmu. Suka yi ta jira. Da dare ya yi hazon ya ɗan lafa, amma su tun asuba suke tsaye, awoyinsu sun ƙare, kuma babu wasu ma'aikatan a can da za su karɓe su. Ta kira ni, gida cike da 'yan biki. Na shiga uwar ɗaka na rufe ƙofa na ce, "Tafiyar awa ɗaya da rabi ce fa! Awa ɗaya da rabi ce za ta gagare ku? Wane irin aiki ne wannan da ya fi 'yar uwarki?" Ta ce, "Umma, matuƙin nan tun ƙarfe huɗu idonsa biyu. In ya yi gyangyaɗi wajen sauka cikin hazo, ba ni kaɗai ce a ciki ba." Na kashe wayar.

Da safe hazon ya dawo ya fi na jiya. Aka ɗaura aure, aka kai amarya, babu ita. Sai ranar Lahadi da azahar ta shigo da jakarta, lallen da aka ajiye mata ya bushe a kwano. Da daddare take ba ni labarin yadda fasinjoji suka taso musu a filin jirgi. Ta ce wata mata, sa'ata, ta nuna ta da yatsa ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ku." Ta ce, "Umma, ni ma bikin ƙanwata nake so in zo, amma ba dama in gaya mata. Haƙuri kawai na ba ta." Jikina ya yi sanyi, don abin da matar nan ta yi mata a fili shi na yi mata a waya. Ni da na ga hayaƙin Gwammaja, ni ce nake cewa a taso da gajiyayyen matuƙi saboda a ga 'yata a hoton biki.

Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun 1925 jirgin sama ya sauka a nan. Iyayenmu sun je Makka a jirgin Nigeria Airways mai tambarin giwa da fiffike, wanda ya daina aiki a 2003, wasu kuma a Kabo Air. Amma sai da aka sa Yaya cikin masu jigilar alhazai, Abbansu ya sake tunani ya amince, na san abin da ke cikin tafiyar nan ta kusan awa biyar. Mutum sama da 400 a jirgi ɗaya, da yawansu ba su taɓa shiga ba. Wannan bai san yadda ake kulle banɗaki ba, waccan tana so ta yi alwala da buta a tsakiyar hanya, wancan ya ƙi cin abinci don yana tsoron kada a ce ya biya. Jirgin ya tafi a cike ya dawo babu fasinja, ya sake ɗiba, haka har a gama, bayan Arfa kuma a juya. A nan ne Hausarta ta yi rana. Ta ce wata tsohuwa ta riƙe hannunta tun daga tashi tana cewa, "Jikata, kar ki tafi," ita kuma tana lallaɓa ta ta saki, don dole ta koma kujerarta ta ɗaure. Da suka sauka tsohuwar ta ce za ta sa ta a addu'a a gaban Ka'aba. Wannan labarin har Gwaggo na kai wa. Ta ce, "Allah ya karɓa," ba ta ƙara komai ba.

Bara na shiga jirgi karo na farko a rayuwata, daga Kano zuwa Abuja, tafiyar da ba ta cika awa ɗaya ba, kuma aka yi dace tana ciki. A bakin ƙofa ta ce min, "Barka da zuwa, Hajiya," kamar ba ta san ni ba. Na sunkuyar da kai na wuce. Na kalle ta tana nuna yadda ake sa abin shaƙar iska, tana cewa uwa ta fara sa nata kafin ta sa wa ɗanta. Raina ya ƙi wannan maganar, wace uwa ce za ta fara da kanta? Daga baya ta ce min a can sama, in iskar cikin jirgi ta zube, mutum yana iya suma cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma sumammiyar uwa ba ta ceton kowa. Da muka fara saukowa jaririn wata yarinya kusa da ni ya callara kuka. Yaya ta durƙusa ta ce mata a hankali, "Kunnensa ne ya toshe, ki ba shi nono, haɗiyar za ta buɗe shi." Yarinyar ta ja hijabi ta rufe shi, ba a jima ba ya yi shiru. Ki riƙe wannan in za ki yi tafiya da goyo. In kuma ciki gare ki da ya tsufa, ki tambayi kamfanin tun kafin ki sayi tikiti, don akasari suna neman takardar likita. Muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar dai na ga wadda ta wuce rimi, kuma ta hango abin da ban sani ba.

Kada ki ɗauka komai ya daidaita. Har yanzu in hadari ya haɗu tana sama ba na iya cin abinci. Ta yi ƙaramar Sallah biyu ba a gida ba. Ƙafafunta suna kumbura, barcinta ba shi da tsari. Yanzu kuma ga wani ya fito, yaron kirki ɗan mutunci, amma iyayensa sun ce sai ta ajiye aikin. Shi ya ce ba ruwansa, sai dai mun san yadda "ba ruwana" takan koma bayan biki. Ta tambaye ni, "Umma, me kika gani?" Shekara uku da suka wuce da tuni na ba ta amsa. Yanzu na ce mata ta yi istihara, ni ma ina yi.

Abu biyu nake roƙonki. In 'yarki ta zo miki da wani buri da ba ki saba ji ba, ki bincika kafin ki yanke, kada ki yi irin tawa amsar ta ranar tsintar shinkafa. In kuma kin shiga jirgi aka ce an ɗage tashi, ki nemi haƙƙinki a wajen kamfanin, wannan daidai ne, amma yarinyar da ke tsaye a gabanki ba ita ta kawo hazo ba, kuma tana da uwa a gida da take jiran ta ji ta sauka lafiya.

Ke da kika riga ni aurar da 'ya mai aiki, yaya kuka yi da dangin miji? Ina son jin shawararki. Allah ya shirya mana zuri'a, ya kai matafiya gida lafiya.