Wuta Ka Kalla

Wannan labari na daɗe ina son in rubuta shi. Abin da ya hana ni shi ne rabin kalmomin da nake buƙata ban san su da Hausa ba sai daga baya, kuma wanda ya koya mini su shi ne mutumin da na yi wa ƙarya a cikin labarin.

A Shefild aka haife ni, can arewacin Ingila, garin da duk wanda ya san shi da ƙarfe ya san shi. A nan ne Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913, kuma har yau in ka bi ta unguwar Attercliffe za ka ga ƙananan masana'antu suna aiki, ko da yake manyan da yawa sun rufe tun shekarun 1980. Babana direban tasi ne. Shekara 20 da wani abu yana tuƙi, yawanci da dare, kuma tun ina firamare maganarsa ɗaya ce: "Kai biro za ka riƙe." Ranar da na samu gurbin karanta injiniyanci Umma tuwo ta tuƙa da miyar kuka aka kira mutane. A wurin Baba, injiniya mutum ne mai farar riga da kwamfuta, ya zana abu wasu su ƙera.

To a dogon hutun 2023 aljihuna ya bushe, na samu aiki a wani ƙaramin wurin da ake haɗa matakala da ƙofofi da ginshiƙan ƙarfe. A gida na ce ofishin zane ne. Kayan aikina a can nake barin su, in na tashi in biya gidan wani abokina in yi wanka, sannan in shigo gida da jakar kwamfuta a kafaɗa kamar mutumin kirki. Ban ma san ainihin abin da nake tsoro ba a lokacin. Na dai san in Baba ya ga mai walda a talabijin yakan sauya tasha.

Makonni biyu na farko shara da ɗaukar kaya kawai na yi. A na uku ne ogan wurin, wani dattijon Bature da ƙarar aiki ta cinye rabin jinsa, ya kira ni gaban wani akwati da bai fi jakar tafiya girma ba, ya ce yau zan koyi yanka. Injin filasma ke nan. Abu biyu kawai yake ci, lantarki da iska. Iskar daga kwamfureso take zuwa, irin na masu faci amma babba, ta bi tiyo ta shiga wani mariƙi mai kama da bindigar fenti. A cikin bakin mariƙin akwai ɗan guntun jan ƙarfe mai ɗigon wani ma'adini da ake kira hafniyam a tsakiya, daga nan lantarki ke tsallakawa zuwa ƙarfen da za a yanka. Shi ya sa dole ka maƙala wa ƙarfen waya ta biyu kamar yadda masu walda ke yi, a wurin da ba fenti ba tsatsa. Idan lantarkin ya ratsa iskar da aka matse ta wata 'yar ƙaramar ƙofa, sai iskar ta rikiɗe ta zama abin da malaman kimiyya ke kira filasma. Zafinta yana wuce digiri 20,000. Fuskar rana kanta wajen 5,500 ce, ƙarfe kuwa a wajen 1,500 yake narkewa. Zafin ya narkar, ƙarfin iskar ya fyace narkakken ta ƙasa. Shi ke nan.

A jarrabawa na taɓa amsa tambaya kan filasma na ci makina cif. Amma wallahi da na matsa kunamar abin karon farko, wannan shuɗiyar wuta ta fito da ihu, sai da hannuna ya ja baya da kansa.

Yanka ba ta da wuyar koyo in kana da ido. Ka tsayar da mariƙin a miƙe, bakinsa kamar milimita 2 ko 3 sama da ƙarfen, ka fara daga gefe, ka jawo zuwa gare ka. Tartsatsin ne zai gaya maka gaskiya. In yana fita ta ƙasa ya ɗan karkata baya, tafiyarka daidai take. In ya fara dawo maka fuska, ka yi sauri, wutar ba ta ratsa ba. In kuma ka yi nawa, tsagar ta yi faɗi, narkakken ya taru a ƙasa ya daskare, kai ne dai za ka zauna kana ɓamɓare shi da guduma. Kowace safiya aikina na farko shi ne in buɗe ƙasan tankin kwamfureso in tsiyaye ruwan da ya kwanta, domin iska mai danshi ita ke cinye bakin mariƙi, yankan kuma ya riƙa fitowa a karkace. Cikin sati biyu na fara jin kaina. Har nakan tsaya ina kallon gefen abin da na yanka kamar wani ya ce in ba shi maki.

Ɗaya aikin ne ya kunyata ni, wanda a lokacin ban san sunansa da Hausa ba. Mai duba aiki ya zo ya samu tsaga a cikin waldar wasu ginshiƙai huɗu, inda aka haɗa su da falle mai kaurin milimita 12. Walda mai tsaga ba a ɗora mata wata a kai, sai an cire ta har tushe an sake. Da wannan injin dai ake yi, amma a sauya masa baki mai faɗin ƙofa, a kwantar da mariƙin kamar digiri 40, a tura gaba maimakon jawowa. Wutar ta riƙa lasar saman tana kore narkakken a gabanta, ta bar kwari mai santsi kamar an ja yatsa a kan tuwo. Sauri ya yi yawa, kwarin bai kai tsagar ba. Ka tsaya ko na ƙiftawar ido, ka huda. Bayan an gama kuma sai an gurje kwarin ya yi ƙyalli, in ba haka ba sabuwar waldar ƙuraje za ta yi.

Na farko na huda shi. Rami ne da babban yatsa zai shiga. Oga bai ce uffan ba, ya sa yatsansa a ciki, ya dube ni, ya je ya yanko sabon falle. Da ma zagina ya yi.

A na biyu tsoro ya kama ni. Ga abin da ba wanda ya gaya mini, ko kuma an gaya mini ban ji ba: a yanka, rabin wutar cikin tsagar take ɓuya, a wannan aikin kuwa duk tana fili, ta fi tsawo, ta fi haske, hayaƙi kuma ya fi yawa. Ta cikin baƙin gilashin hular ban ganin gindin kwarin. Sai na riƙa ɗaga hular kaɗan, in runtse ido in leƙa, in mayar. Daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa biyu. Na yi haka ya fi sau goma. Na gama sauran ukun ban huda ba, oga ya gyaɗa kai, na tafi gida ina jin daɗi.

Ƙarfe biyu na dare na farka kamar an zuba mini yashi mai zafi a ido. Buɗewa azaba, rufewa azaba, hawaye kamar famfo. Na lallaɓa kicin na jiƙa tawul na ɗora, ina zaune cikin duhu ina shirya ƙaryar da zan yi da safe, sai na ji makulli a ƙofa. Baba ya dawo shan shayi. Ya kunna fitila, na yi ƙara. Ya ɗaga tawul ɗin, bai fi daƙiƙa uku yana duba ba.

"Wuta ka kalla."

Ba tambaya ba ce. Na ce, "Baba, kwamfuta ce, hasken..."

"Kai. Ni za ka gaya wa? Tashi mu je."

A tasinsa ya kai ni asibiti. Likita ta ɗiga mini wani ruwa, ta haska, ta ce hasken ne ya ƙona fatar saman idon kamar yadda rana ke ƙona fatar mutum, shi ya sa ba a jin sa sai bayan sa'o'i, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu zai warke. Ta ba ni man shafawa. Duk wannan Baba yana tsaye ya harɗe hannu, bai ce komai ba. Sai da muka kama hanyar gida, idona a rufe, na ji ya rage rediyo.

"Wane inji ne?"

Na gaya masa. Ya ce me yake ci, na ce iska da lantarki. Ya ce ba gas? Na ce ba gas. Ya yi shiru, can ya ce, "Yana cin silba?" Silba yake ce wa ƙarfe marar tsatsa. Na ce yana ci, har da alminiyam, duk abin da lantarki ke bi ta cikinsa. Sai ya ce, "Ikon Allah. Tamu ba ta ci."

Tamu. Ranar na fara jin cewa shekara tara ya yi yana walda a bakin titi a Kano kafin ya fito, kuma kafin shi mahaifinsa da kakansa maƙera ne a ƙauyensu. Ni da nake ce wa abokai kakana manomi ne. Na yi masa bayanin abin da na sani daga aji, cewa wutar gas ba narkarwa kawai take yi ba, ƙona ƙarfen take da iskar oksijin, shi kuwa silba sinadarin kuromiyam da ke cikinsa yana yi masa wata fata da ke hana ƙonuwar, dalilin da ya sa aka ƙirƙiro filasma a Amurka a shekarun 1950 ke nan. Ya ce, "Mun san ba ta ci, ba mu san dalili ba." Shi kuma ya tambaye ni me nake yi da na kalli wutar. Na kasa faɗa da Hausa, na kwatanta da hannu cikin duhu. Ya ce, "Ƙwaƙula. Walda kake ƙwaƙulewa." Su da kurfi da guduma suke yi, yini guda. Abin da ke daskarewa a ƙasan yanka kuma, wanda nake ɓamɓarewa, ya ce sunansa kashin maƙera. Na yi dariya har idona ya yi zafi. Daga nan ya shiga jero mini su kamar mai karanta sunayen 'yan uwa: masaba, awartaki, zugazugi, magagari, uwar maƙera.

Kada ku ɗauka a nan aka shirya. Kwana uku bai yi mini magana ba, sai Umma ce ke kai saƙo tsakaninmu. Daga bakinta na ji cewa tun yana saurayi ya nemi aure a wani gida aka hana shi, ba don komai ba sai don ɗan maƙera ne. Wannan ya ba ni haushi, har yau kuma yana ba ni, domin gidan da ya hana shi da fartanyar maƙeri yake noma. Amma da shi Baban ya buɗe baki, ba wannan ya kawo ba. Ƙirjinsa ya nuna mini. Tarin nan da na tashi ina ji kowace asuba, wanda muke ce wa sanyin Ingila. Da tabarau na kasuwa ya yi walda, ba abin rufe hanci, in an tashi a sha madara wai tana wanke hayaƙi. Ba ta wanke komai. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, a 2019 kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta nan Birtaniya ta tsananta doka, ta ce dole a sa na'urar zuƙe hayaƙi ko da ƙarfe na yau da kullum ake waldawa. Hayaƙin silba ya fi muni saboda kuromiyam ɗin nan. Na faɗa masa duk wannan don in nuna masa yanzu akwai kariya. Ya ce, "Hular ma ai kariya ce. Wa ya ɗaga ta?"

Ban da amsa. Na koma aiki da sharaɗi biyu, digiri ba fashi, hula ba ɗagawa. Na gaya wa oga abin da ya faru, ya yi faɗan da bai yi ba ranar ramin, ya rubuta a littafin haɗari, sannan ya nuna mini yadda ake daidaita duhun gilashin da inda zan ajiye bututun zuƙe hayaƙi don in riƙa ganin gabana. Ashe abin minti biyar ne, da na tambaya.

A satin ƙarshe na roƙi wani guntun falle da na yi gwaji a kai, mai kwari uku, na kawo gida na ajiye a teburin kicin ban ce komai ba. Da asuba na same shi zaune da shayinsa, ya ɗora guntun a cinya, yana bin kwarin da babban yatsa, idonsa ma ba a kai yake ba. Ya bi na farko, ya bi na biyu, a tsakiyar na uku ya tsaya.

"Nan ka yi numfashi."

Na duba. Akwai ɗan tudu, da ƙyar ake ganinsa.

"Ka tokare gwiwar hannunka a jikinka, ka tafi da ƙugu, ba da hannu ba. Numfashin kuma ka sake shi a hankali tun daga farko." Ya juya guntun, ya ƙwanƙwasa shi da cokali ya saurara. "Wannan bar mini. In ka koma hutu mai zuwa ka kawo mini na silba in gani."