Wayar Da Muka Saya Wa Gidanmu

A ƙarshen shekarar 2023, mu uku 'yan gida ɗaya muka haɗa kuɗin gyaɗar da muka noma a Kabo domin mu sayi waya. Da ita za mu yi bitar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, Mama kuma ta riƙa karɓar kuɗin cinikinta.

Muka tafi kasuwar Farm Centre a Kano. Wayoyi biyu suka ɗauki hankalinmu: Samsung Galaxy A24 da Tecno Camon 20. Girman batirinsu ɗaya, kowacce kuma tana ɗaukar layi biyu. Yayarmu ta nace sai Samsung saboda kyan hotonta, autanmu ya ce sai Tecno. Gardama ta yi zafi har muka dawo gida hannu rabbana.

Washegari kawunmu da ke Gwarzo ya ce, "Yarana, ranar da ta faɗi gilashinta ya fashe, ina za ku kai ta?" Muka yi tsit. Muka zaga wurin masu gyara a cikin Gwarzo. Waɗanda muka tambaya duk suna da gilashin Tecno a teburinsu, na ɗayar kuwa sai an aika Kano.

Muka sayi Tecno. Bayan wata huɗu ta suɓuce daga hannun auta. Da hantsi muka kai ta, kafin la'asar tana hannun Mama.

'Yan'uwa ɗalibai, kafin ku ba da kuɗin guminku, ku fara tambayar mai gyara na garinku.