Shafin da Kawu Ya Kasa Karantawa

Da daddare ƙanena ya turo mini adireshin shafin, tare da gajeren saƙo: "Yaya, duba mana kafin mu sake shi ranar Litinin." Shafin na wata ƙungiya ne ta 'yan asalin Tambuwal da Kebbe mazauna birane, waɗanda suka saba yin karo-karo duk shekara su biya wa 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin jarrabawar JAMB da NECO. A da takarda ake rabawa, kuma babu shekarar da ba a yi ƙorafi cewa fom ya ƙare a hannun dangi da abokan arziki ba. Bana sai suka ce a koma intanet, kowa ya cike da kansa, babu ɗan mowa babu ɗan bora. Ƙanena ya koyi haɗa shafuka lokacin da yake jiran tafiya bautar ƙasa, don haka shi aka ɗora wa aikin, kyauta.

Na buɗe shafin a kwamfutata a Sakkwato, a ɗaki mai wadatar haske da sabis mai ƙarfi. Ya yi kyau ƙwarai. Manyan hotuna suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya, rubutu siriri ne mai launin toka a kan fari, maɓallai kuma ruwan zinariya. Na bi hanyar da masu sana'ar suka saba bi. Akwai ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee, maƙirƙirin shafukan yanar gizo, ya kafa a 1994 domin ta tsara ƙa'idojin da za su sa shafi ɗaya ya buɗu daidai a kowace burauza. Tana da ma'auni na kyauta da ake zuba adireshin shafi a ciki, ya lissafo kurakuran da ke cikin rubutun HTML ɗinsa. Ya nuna mini 'yan kaɗan, muka gyara a daren. Sai na kunna Lighthouse, wata manhajar awo da ke cikin Chrome, wadda ke ba shafi maki bisa ɗari. Makin ya haura tamanin. A ƙasan makin akwai jan gargaɗi game da launin rubutu. Na gan shi sarai, na wuce. Na rubuta wa ƙanena: "Ya yi, Allah ya sa albarka."

Ranar Asabar ta'aziyya ta kai ni gida. Na bi hanyar Jega, na wuce Boɗinga da Shagari, a Tambuwal na saki babban titi na nufi wani ƙauye a ƙasar Kebbe inda kawuna yake zaune. Tsohon malamin firamare ne, ya koyar da boko fiye da shekara talatin, kuma a hannunsa na fara sanin a da ba. Yanzu yana ta fara rufe masa ido ɗaya. Akwai jikarsa marainiya a gidan da ta gama sakandare, kuma labarin tallafin ya riga ni isa. Bayan mun gaisa a gindin dogon yaro, ya ciro wayarsa, ƙaramar Android mai tsagaggen gilashi, ya ce in nuna masa inda ake cikewa.

Na rubuta adireshin na miƙa masa, muka zauna muna kallon farin allo. Sabis ɗin yana hawa yana sauka. Hotunan nan da suka burge ni, na shugabannin ƙungiya da manyan riguna, ashe nauyinsu ya kusa megabait bakwai, kuma sai sun gama sauka kafin fom ya bayyana. Kawu yana sayen data ne kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake sayen magi, don haka kowane rawani da ya bayyana a allon daga aljihunsa ya fito. Da shafin ya buɗu a ƙarshe, ya kai wayar kusa da fuskarsa, ya nisanta ta, ya kāre ta da tafin hannu saboda hasken rana, sannan ya dube ni.

"Kai, mi anka rubuta nan? Ni ban ga komi ba."

Abin da jan gargaɗin yake faɗa mini ke nan kwana biyu da suka wuce. W3C tana da wani kundi na dabam mai suna WCAG, wanda ya tattara ƙa'idojin sauƙaƙa shafi ga masu larurar gani, da kurame, da waɗanda hannunsu ba ya ƙwari. Na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na baya-bayan nan kuma, 2.2, a Oktoban 2023. A ciki an auna tazarar haske tsakanin rubutu da abin da aka rubuta shi a kai. Baƙi wuluk a kan fari fat shi ne maƙura, 21 bisa 1. Mafi ƙarancin da aka yarda da shi ga rubutu na yau da kullum shi ne 4.5 bisa 1, ga manyan haruffa kuma 3 bisa 1. Tokar da ƙanena ya zaɓa ba ta kai 3 ba, ruwan zinariyar maɓallan kuwa ko 2 bai kai ba. Na daɗe da sanin waɗannan alƙaluma, amma a matsayin abin da ake cikawa don a sami maki. Ban taɓa kawo wa raina cewa wanda aka auna su dominsa shi ne mutumin da ya koya mini karatu ba.

Ya yi ƙoƙarin buɗe rubutun da yatsu biyu, kamar yadda yake yi wa hotunan WhatsApp, shafin ya ƙi. Samfurin da ƙanena ya sauko da shi daga intanet ya zo da layi ɗaya da ke hana ƙara girman shafi, wai don kada tsarin ya hargitse. Kundin kuwa cewa ya yi dole mai karatu ya iya ninka girman rubutu har kashi 200 cikin ɗari ba tare da wani abu ya ɓace ba.

Sai na karɓi wayar na fara karanta masa, a nan na ci karo da abin da ya fi ba ni kunya. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya zauna, wani ɗan akwati ne a wurin. Waɗannan haruffa masu lanƙwasa suna da gurbinsu a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, tun da daɗewa. Matsalar ita ce salon rubutun da aka zaɓa domin ado, wanda masu zana shi ba su zana haruffanmu ba. Kwamfutata takan aro harafin daga wani salo a ɓoye, shi ya sa ban lura ba. Tsohuwar burauzar kawu ba ta da inda za ta aro. Da na kira ƙanena a waya, maganin da ya fara kawowa shi ne a cire lanƙwasar gaba ɗaya, ai kowa zai gane. Na ce masa baki da baƙi ba ɗaya ba ne, haka kafa da ƙafa, kuma ba a rasa salo ba: akwai Noto na Google, akwai Andika da Charis na SIL, duk kyauta, duk suna ɗauke da haruffan Hausa. Na kuma san abin da kawu zai ce da ya ga an rubuta "karamar hukuma", shi da ya sha zagaye irin wannan kuskure da jan biro.

Fom ɗin kansa, wanda babu ma'aunin da ya ga aibinsa, ya fi komai tsauri. Sunan yarinyar yana da ɗan waƙafin sama, irin na Asma'u da Sa'adatu da Mu'azu. Fom ya ƙi karɓa, ya zagaye gurbin da jan layi, bai faɗi dalili ba. Mai larurar rarrabe launi ko jan ma ba zai lura da shi ba, shi ya sa ƙa'ida ta ce kada a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo, a faɗi kuskuren da kalmomi. Ya nemi adireshin imel dole, alhali gidan babu mai shi. An kuma tsara cewa lambar waya ɗaya mutum ɗaya, don hana maguɗi. Niyyar mai kyau ce, sai dai wayar kawu ita ce wayar gida uku, kuma ɗan maƙwabcinsa ma yana jiran a cike masa da ita. A ƙarshen fom ga jarrabawar tantance mutum daga na'ura, wadda ta umarce mu da Turanci mu zaɓi duk hotunan da ke da famfon kashe gobara na bakin titin Amurka. Kawu ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wannan abu ba, ya tambaya ko wani irin turmi ne.

Wani zai ce ai jikar ce za ta cike, ita kuwa idonta garau. Haka ne, amma ba ta da waya, kuma a irin gidajen nan babba ne yake fara dubawa ya tabbatar ba damfara ba ce kafin ya yarda a ba da sunan yarinya da lambarta. In ya kasa, abin da ya rage shi ne a hau babur zuwa shagon kwamfuta a Tambuwal, a biya kuɗin mai, a biya mai shago. An gudu daga mai rabon takarda ke nan an faɗa hannun wani ɗan tsakiyar.

Da na koma masauki a daren na kunna TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke allon Android, na rufe idona. Ban yi minti biyar ba na gaji. Sharuɗɗan tallafin da ranar rufewa duk a cikin hoton sanarwa aka zuba su, hoton kuwa ba a rubuta masa bayani a bayansa ba, don haka manhajar ta ce "hoto" kawai ta wuce. Maɓallin aikawa ba shi da suna. Shafin yana shaida wa burauza cewa da Turanci aka rubuta shi, saboda ba a sauya alamar harshe daga en zuwa ha ba, sai muryar ta riƙa tauna Hausa da harshen Bature. Mun gyara alamar, amma a wayata ban sami muryar Hausa da zan ɗora ba, wannan kuwa ya fi ƙarfin ƙanena. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar shiga ga kowa. Mukan tuna da ita idan muka ga matakala babu gangaren keken guragu. Shafin da na ce "ya yi" matakala ce irin wannan, ba a dai ganinta.

Ranar Lahadi muka kwana muna aiki ta waya. Rubutu ya koma baƙi a kan fari, ya ƙara girma. Fom ya hau sama, hotuna suka sauka ƙasa bayan an rage musu nauyi, har shafin gaba ɗaya ya dawo ƙasa da rabin megabait. Imel ya zama na ganin dama, lambar waya ɗaya ta iya ɗaukar mutum biyar, aka koma tantancewa da lambar rajistar makaranta. Ƙanena ne ya kawo shawarar da ta fi tawa: ya naɗi muryarsa yana karanta sharuɗɗan da Sakkwatanci, minti ɗaya da rabi, ya ɗora a saman fom, tunda mutanenmu da saƙon murya da rediyo suka saba. Rubutun kuma muka bar shi a ƙasa saboda kurame.

Inda muka yi saɓani shi ne ado. Ya ce, kuma da gaskiyarsa, masu ba da kuɗin suna Abuja da Kaduna da Legas, a manyan wayoyi za su buɗe, in suka ga shafi tsirara kamar takardar asibiti za su ce yaron bai iya aiki ba. Ban raina wannan ba. Tsari mai kyau yana sa a yarda da shafi, musamman a zamanin da shafukan tallafin bogi suka cika gari. Muka tsaya a kan kore mai duhu da ya haye ma'auni, da tambarin ƙungiya, da hoto guda. Da safiyar Litinin wani daga cikin shugabanni ya kira yana tambayar inda hotonsa ya shiga. Ƙanena ya buɗe wani shafi na dabam ya jera su duka a can.

Kafin in kama hanya na koma wurin kawu. Ya saurari muryar har ƙarshe, ya buɗe rubutun da yatsunsa, ya karanta a hankali yana motsa leɓe, sannan ya kira yarinyar ta cike a gabansa. Liman na zaune a gefen tabarma, mutumin da zai karanta maka shafin Ajami ba gargada amma bai yi boko ba. Ya leƙa allon, ya tambaye ni ko akwai inda aka rubuta da nasu rubutun, domin shi ma yana da ɗa da ya gama sakandare. Na san akwai salon Alkalami da SIL ta zana bisa rubutun hannun ƙasar Kano, na kuma san burauza tana iya jera rubutu daga dama zuwa hagu. Na ce masa babu tukuna. Ya ce to, a danna masa muryar ya ji.