Rumbun Iri na Baba

Karatu: Yakubu 5:7-8, Littafin Firistoci 19:9-10



Damina ta ƙarato, kuma ita ce ta farko da za mu shiga babu Baba. Cikin watan Fabrairu muka kai shi makwancinsa a Bauranya, inda aka yanke masa cibiya shekara tamanin da wani abu da suka wuce. A cikinmu akwai jikokinsa na jini, akwai kuma waɗanda tuwon gidansa ya mai da su jikoki. Dukanmu Baba muke ce masa. Ranar jana'iza, maƙwabtansa Musulmi sun kusa fin mu yawa, wasu daga ƙauyukan Kusada, wasu daga wajen Kankiya. Wani dattijo cikinsu ya riƙe hannun babban ɗan Baba, ya ce, "Geron da ke gonata, irin mahaifinka ne." Wannan magana ita ta sa muka zauna rubuta wannan.

An haifi Baba a gidan Maguzawa, inda ake yi wa gona yanka kafin a shuka. Farin 1973 ne ya fitar da shi daga gida. Rumbuna sun ƙare, dabbobi sun mutu, sai ya bi 'yan cin rani zuwa gabas, har ya yada zango a Numan, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai. Ya yi ƙodago a gonakin mutane. Wani iyali na Bachama suka ba shi ɗaki, kowace safiya kuma yana jin suna addu'a kafin su fita gona. Ba su matsa masa ba. Shi da kansa ya roƙa a koya masa karatu, daga nan ya shiga ajin baftisma a ikilisiyar Lutheran.

Numan ita ce cibiyar wannan ikilisiya, wadda ake kira LCCN. Wani likita daga ƙasar Denmark, Niels Brønnum, shi ya fara aikin bishara a can a shekarar 1913. Baba ya san wannan tarihi kamar sunansa. A 2017, da ya ji an zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya, ya yini yana murmushi kamar ɗansa ne aka naɗa.

Da mahaifinsa ya rasu, gandu ya kira shi gida. Ya dawo da Littafi Mai Tsarki, da wani ɗan ƙaramin littafi da ya naɗe cikin leda, wato Ƙaramin Katekisma da Martin Luther ya rubuta a Jamus a 1529 domin masu gida su koyar da iyalansu. Bai tarar da 'yan Lutheran a kusa ba, sai ya shiga majami'armu, ya zauna a benci guda sama da shekara arba'in. Ba mu taɓa jin ya yi gardamar ɗarika da kowa ba. In an tsokane shi da "na Numan", dariya kawai yake yi.

Da dare, bayan tuwo, yakan tara mu a tabarma ya yi mana tambayoyi daga wannan littafi. Inda ya fi so shi ne bayanin roƙon abincin yini cikin Addu'ar Ubangiji. Luther ya nuna cewa abincin yini ya wuce abin da ke cikin kwano: ya haɗa da sutura, da gida, da gona, da dabbobi, da iyali masu tsoron Allah, da hukuma ta gari, da yanayi mai kyau, da zaman lafiya, da maƙwabta masu amana. Baba yakan ƙirga su da yatsunsa, sannan ya tambaye mu, "To, ta hannun wa Allah yake ba da tuwon?" Mu ce, "Ta hannun manomi." Ya ce, "Ashe ke nan fartanya ma tana da aiki a gidan Allah."

Bai taɓa ɗaukan noma a matsayin abin sayen sama ba. Ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya ga Yesu, wannan ya sha faɗa mana. Wata rana ɗaya daga cikinmu ya ce, "Baba, in ceto kyauta ne, wahalar nan ta mece ce?" Bai ɗaga kai daga huɗar da yake yi ba, ya ce, "Allah ba ya cin tuwo, yaro. Maƙwabcinka ke ci."

A gidansa rumbu uku ne. Na farko na ci, na biyu na godiyar kaka da baƙi da gwauraye, na uku kuwa ƙarami ne, na iri. Lokacin girbi da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, gero daban, dawa daban, wake kuma ya gauraya shi da toka a tulu saboda ƙwari. Wannan rumbu ba mai taɓa shi, ko da gidan zai kwana da kunu. Mama, matarsa, ta ba mu labarin farin 1984. Yara suna kuka, ta roƙe shi ya buɗe rumbun iri, ya ƙi, ya sayar da kekensa ya auno rogo da dusa. Ta ce kwana uku ba ta yi masa magana ba. Da ruwa ya sauka a shekara ta gaba, gidaje da yawa sun cinye irinsu. Baba ya buɗe rumbu, ya riƙa auna wa mutane da ƙwarya, bai tambayi addinin kowa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: da kaka ka dawo da ƙwarya guda kamar yadda ka karɓa, domin wani ya samu baɗi. Irin da dattijon nan ya yi magana a kai ranar jana'iza, daga nan ya fito.

Gonarsa ma ana gane ta daga nesa. Tun rani yake kai taki a mangala. Bai yarda a sare gawo ba, domin gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma ƙasar gindinsa ta fi ƙarfi. Gefen gonar da ke bakin hanya ba ya girbe shi ƙaf, yakan bar wa masu kala, kamar yadda Littafin Firistoci ya umarci Isra'ilawa. Ranar Lahadi kuwa, ko ciyawa ta kai gwiwa, fartanyarsa tana rataye.

Kada mu mai da shi mala'ika. Baba yana da zafin rai, kuma in ya kafe a kan magana, sai dai a bar shi. Ya daɗe bai yarda 'ya'yansa mata su wuce firamare ba, daga baya ya tsaya gaban ikilisiya ya ce ya yi kuskure, ya sayar da bijimi ya kai jikarsa makarantar koyon jinya. Wannan tuban ma yana cikin gadon da ya bar mana.

Mu ma muna da namu laifin. Bara, ƙafafunsa sun yi nauyi, ya aiko a gaya wa zumuntar matasa yana neman gayya domin noman firi. Muka ce muna da gwajin waƙa, za mu zo mako na gaba. Mako na gaba ya zama wata guda. Da muka je, mun tarar maƙwabtansa sun nome masa, ya kuma sa aka dama mana fura bai ce uffan ba. Mun rera waƙoƙi masu daɗi a wannan wata, amma tsohon da ya koya mana addu'a wasu ne suka ji kiransa.

Yanzu magana tana gabanmu. Mun san halin da ake ciki. Kuɗin takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. A sassa da dama na jihar Katsina 'yan bindiga sun hana mutane zuwa gonakinsu. Yawancinmu idonmu yana Kano ko Abuja, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi ilimi ko sana'a. Luther da kansa ya koyar cewa kowane aiki na gaskiya kira ne daga Allah, na mai ɗinki, na malamin makaranta, na mai jinya. Tambayar da Baba zai yi mana ita ce: a cikin abin da kake samu, ina rumbun irinka, kuma wa yake ci daga gefen gonarka?

Yakubu ya ce mu dubi manomi, yadda yake haƙuri yana jiran ruwan fari da na ƙarshe. Mun ga wannan haƙuri da idonmu. Saboda haka zumuntarmu ta yi shawara da iyalin Baba, sun ba mu aron wani yanki na gonar a bana. Za mu yi gayya Asabar uku: shuka, noman firi, da maimai. Abin da Allah ya ba mu zai shiga ƙaramin rumbun nan, a ci gaba da aunawa da ƙwarya a kan sharaɗin Baba. Wanda yake nesa, ya aiko da kuɗin taki ko na abincin masu aiki. Mama ta ce ita za ta riƙe ƙwaryar.

Mu yi addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin bawanka da ka ba mu, da kuma hutun da ka ba shi. Ka gafarta mana jinkirinmu. Ka ba mu ruwa a kan kari, da zaman lafiya a gonakinmu, da zuciyar tunawa da maƙwabci. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.