Ranar da hotonmu ya dawo mana da sunan tarihi

Tunda makon nan layi ya zo kanmu, bari mu ba ku labarin wani abu da muka aikata da hannunmu, wanda har yau muke jin nauyinsa.

Mu uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yan tsohon ma'aikacin reluwe. Baba ya yi shekaru a wajen lodin kaya na tashar Kano, aikinsa juya layi da ɗaga tuta, tun zamanin da kan jirgi ke cin kwal har na dizal suka karɓe. Shekara huɗu ke nan babbanmu ya dawo daga tafiya da wani kwali na gwanjo: ƙaramin kan jirgi mai aiki da lantarki, taragu shida, da guntayen layin dogo. Don yara ya saya, amma mu iyayen yaran muka ƙwace.

Irin wannan jirgi yana da ma'auni. Namu shi ake kira HO, wato an rage komai sau 87. Mutum tsayayye bai wuce santimita 2 ba, faɗin layin kuma milimita 16.5 ne. Sai muka haɗa tsofaffin ƙyaure biyu a ɗakin soro muka ce za mu gina wa Baba wurin aikinsa. Muka yi sito da kwali, muka tankaɗe jar ƙasa da rariya muka manna ta da gam, autanmu ya zauna makonni yana mulmula yumɓu yana yanka shi buhu-buhu har muka tada dalar gyaɗa uku. Kun san tun da dogo ya iso Kano a 1911 aka buɗe shi a 1912, gyaɗa da jirgi ba su rabu ba, don haka tasha ba dala ai ba ta cika ba.

Da muka gama muka ɗauki hoto, sai gwiwarmu ta yi sanyi. Abin da ido ke gani a matsayin tasha, waya ta nuna shi a matsayin kayan wasa a kan ƙyaure. Mun daɗe kafin mu gane dalili. A tsaye muke ɗauka, kuma wanda ya tsaya mita ɗaya saman tebur, a lissafin wannan ƙaramar duniya yana sama da mita 87 ne, kamar shaho. Ba wanda ya taɓa ganin tashar Kano daga can. Sai an sauko da idon kyamara daidai idon ɗan mutumin da ke tsaye a bakin layi. Dabarar mai sauƙi ce: a juya wayar, kanta ya koma ƙasa, idon ya kusa taɓa ƙasar teburin. Ranar da muka fara yin haka, dalar autanmu ta tashi ta yi mana tsayi.

Daga nan wata matsala ta ɓullo. In kyamara ta matso kusa haka, wuri kaɗan ne ke fita tar. Gaban jirgi ya fito, tarago na biyu ya dushe, dala kuwa ta zama kamar an shafa mata kunu. Wannan dushewar ce ke tona asirin ƙaramin abu. Maganinta shi ne a kafe wayar kada ta motsa, a ɗauki hoto goma ko goma sha biyar, kowanne an saita shi kan wani wuri daga gaba zuwa baya, sannan manhaja ta tsinci inda ya fita a kowanne ta haɗa su hoto ɗaya. Ga kuma ƙura. A Kano muke, ba sai mun yi bayani ba. Tsakuwa mai milimita ɗaya a kan layi, a hoto dutse ce da ta kai dunƙulen hannu. Kafin kowace ɗauka sai mun bi rufin taragu da burushin kwalliyar matar babbanmu, wanda har yau ba mu mayar mata ba.

Duk wannan ya gyaru, saura abu ɗaya: bayan tashar. A bayan sitonmu akwai bango mai koren fenti, da kalanda, da wayar fanka tana reto. Masu wannan sha'awa tun da daɗewa suna fama da bango. Wasu su zana sararin samaniya a allo su jingina. Wani Ba'amurke, John Allen, wanda sana'arsa ma ɗaukar hoto ce a garin Monterey, har madubi yake sakawa don layinsa ya yi kamar ya ci gaba ba iyaka. Ya rasu a 1973, kwanaki kaɗan bayan haka gobara ta cinye abin da ya gina, hotunansa ne suka rage. Da mun yi tunani, da mun ɗauki darasi a nan cewa hoto ya fi tebur tsawon rai.

Mu ba mai zane a cikinmu, sai muka koma kwamfuta. Akwai manhajar GIMP, kyauta ce. Mukan rataya farin zanen gado a bayan tebur don yankan ya yi sauƙi, mu cire shi a kwamfuta, mu sa hoton sama na gaskiya a wurin. Ba aikin minti biyar ba ne. Inda sama ta haɗu da ƙasa dole ya yi daidai da tsayin idon kyamara, in ba haka ba tashar sai ta yi kamar za ta zame. In fitilarmu ta haska daga dama, ranar da ke cikin hoton da muka aro ita ma daga dama za ta fito. Abin da ke nesa kuma a rage masa kaifi da launi, yadda iska ke yi masa. Na tsakiyarmu ya ƙware a wannan har ya fara jin kansa.

Wata rana a watan Agusta ya hau bene ya ɗauko hadari mai kyan gaske, gizagizai sun taru sun yi baƙi ta gabas. Ya sa shi a bayan dalolin. Ya ƙara hayaƙi a bututun jirgi. Sai ya ce bari ya gwada baƙi da fari, ya ɗan zuba masa dishi-dishi irin na tsohon fim. Wallahi mu da muka mulmula buhunan sai da muka yi shiru. Muka sa shi a Facebook, muka rubuta a ƙasa cewa ƙaramar tashar da muka gina ce. Mutum talatin da wani abu suka yaba, muka manta.

Bayan kamar wata biyu Gwaggo ta turo hoto a zauren WhatsApp na dangi. Namu ne. An yanke gefensa, bayaninmu ya ɓace, an rubuta a kai da manyan baƙaƙe cewa tashar jirgin Kano ce a shekarun 1950, Allah ya jiƙan mazan jiya. Ta ƙara da cewa, “Ku nuna wa Yaya, ya ga wurin aikinsa.” Da muka bincika muka tarar ya zaga shafuka da dama. A wani wuri ana ta musu a ƙarƙashinsa kan wanda ya kashe noman gyaɗa, har da zage-zage. Wani ya rantse kakansa na cikin masu dako a wurin. Masu dakon nan roba ce, mu muka shafa musu fenti da tsinken sakace.

Ba za mu ɓoye muku ba, abin da muka fara ji daɗi ne. Aikinmu ya ruɗi dubban mutane, me ya fi wannan yabo? Muka kai wa Baba wayar muna murmushi, ba mu gaya masa komai ba.

Ya sa tabarau ya duba bai fi minti ɗaya ba. Ya ce, “Wannan ba jirginmu ba ne.” Ya nuna gaban kan jirgin: ƙarafan tokare biyu, dama da hagu, irin na Turai. Nasu maƙala ɗaya ce a tsakiya. Gaskiyarsa, jirgin ƙirar Jamus ne, ƙafafunsa ma jajaye ne, baƙi da fari ya rufa mana asiri. Ya ce layin ya yi faɗi. Nan ma gaskiyarsa: tsohon dogon Najeriya milimita 1,067 ne, wanda a ma'auninmu bai kamata ya wuce milimita 12 da ɗoriya ba, namu kuwa lissafinsa na 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Sai ya kai yatsa kan sama, ya yi dariyar da ba ta yi mana daɗi ba. “Ku yaran nan, wane mahaukaci ne zai bar dala a buɗe hadari ya haɗu haka? Gyaɗa da kaka ake saye, da rani ake tarawa. In damina ta riske ta, tamfol ake rufa mata.”

Ashe ya gane teburinmu ne tun kallon farko. Da muka gaya masa inda hoton ya kai, dariyar ta tsaya. Ya ce abokan aikinsa kusan duk sun rasu, shi ma saura ƙiris, kuma yaran da ba su ga dala ba da hoto za su san ta. “Yanzu kun ƙara musu guda ɗaya, na ƙarya.”

Mun yi musu a tsakaninmu daren nan, kuma ba mu gama ba. Autanmu ya ce duk abin ai kwaikwayo ne, buhu yumɓu, sito kwali, don me sama kaɗai za ta zama laifi? Kuma mun rubuta gaskiya, wani ne ya yanke. Babbanmu ya ce cire kalanda da wayar fanka daban, sa wa hoto rigar tsufa daban. Na farko gyaran ɗaki ne, na biyu kuwa shaidar zur muka shirya, wani ya zo ya ɗauka. Yawancinmu, wato biyu cikin uku, mun tsaya a nan. Mun bi shafuka bakwai muna bayani, biyu suka cire, ɗaya ya toshe mu, wani ya ce hassada muke yi wa tarihin Kano.

Ba mu daina canza bayan hoto ba, kada a yi mana mummunar fahimta. Koren bangon nan ba zai sake fitowa ba. Amma mun ajiye baƙi da fari, mun daina ƙara hayaƙin da jirgin bai yi ba, kuma ba ma taɓa komai daga sito zuwa gaba. Tunda mun ga rubutun ƙasan hoto ba ya bin hoto tafiya, sai muka shigar da shi ciki: a jikin sito, tsakiyar hoto inda ba ya yankuwa, akwai ɗan allo da ke cewa ƙaramar tasha ce, 1:87. Duk hoton da muka sa kuma muna haɗa shi da na biyu, wanda aka ja baya, ƙyaure da fanka da ƙafar autanmu duk a waje.

Sama kuwa yanzu Baba ke zaɓa. A watan Disamba ya sa muka hau bene da sassafe muka ɗauko hazo, fari fat, rana kamar faifai, ba gajimare ko ɗaya. Na tsakiyarmu ya yi ta ƙorafi wai hoton ba shi da armashi. Baba ya ce haka wurin yake. Ya kuma ce a rufe dala ɗaya da tamfol, muna nan muna gwada ƙyallen tsohuwar lema.

Wancan hoton kuwa makon jiya ma mun sake cin karo da shi. Yanzu an ce 1948 ne. In ya biyo ta wajenku, ku duba gaban jirgin, ku taimaka ku gaya musu namu ne.