Ba Kowane Jan Mai Ba Ne Man Giya

Ni malamin makaranta ne, bana shekarata 21 ina riƙe da alli. Tun muna makarantar horon malamai aka cusa mana cewa kada yaro ya ɗora alƙalami a kan takardar jarrabawa sai ya karanta umarnin da ke samanta. Wannan magana na faɗa wa yara ba adadi. To jama'a, yau zan ba ku labarin yadda ni da kaina na faɗi wannan jarrabawa a kan hanyar Marwa zuwa Garwa, mahaifiyata tana zaune a kujerar baya.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2003, ta hannu, wadda na saya da kuɗin adashin shekara huɗu. Giyarta otomatik ce, watau ba ta da kuloci, ita ke canza wa kanta giya. Wata rana na ga ɗigon jan mai a ƙarƙashin darbejiyar da nake ajiye ta a ƙofar gidanmu a Domayo. Maimakon in nemi inda take yoyo, sai na tsaya wurin wani yaro mai sayar da fetur ɗin kwalba, irin wanda muke kira zuwa-zuwa. Ya ɗauko jan mai a cikin gorar ruwa, ba suna ba lamba, kuɗinsa bai kai rabin na kanti ba. Na tambaye shi ko zai yi wa motata. Ya ce, "Haba Malam, ai duk ja ɗaya ne." Na biya, ya ɗura, na tafi ina murna na yi tsimi.

Ran wata Asabar cikin Afrilu na 2024, bayan ƙaramar Salla, muka kama hanyar Garwa bikin 'yar yayata. Mu shida ne a ciki, ga buhun albasa biyu da na masakwa ɗaya a baya, har gindin motar ya zauna. Tafiyar ta haura kilomita 200, kuma mun makara, ba mu bar gari ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Wanda ya san Afrilun ƙasar nan ya san zafi kan wuce digiri 40 a inuwa. Muna kusa da Figil sai na ji injin yana kuka amma motar ba ta ja. In na taka, sai ƙara ta ƙaru, gudu kuwa ya ragu. Can sai wani ƙauri ya cika motar kamar an bar tuwo a wuta. Na gangara gefen titi, daga nan ba ta ƙara motsi ba.

Awa uku muka yi a wurin. Inna mai fama da hawan jini tana kan tabarma a gindin wata aduwa da inuwarta ba ta kai ta kawo ba, ruwan goranmu ya koma kamar na shayi. A lokacin ne na daina tunanin mota, na koma addu'ar kada tsohuwar nan ta faɗi a hannuna. Allah Ya kawo wata motar haya mai wuri, muka sa ta da mata da yara suka wuce. Wasu samari suka ce a tura motar ko za ta tashi, ashe otomatik ba a tayar da ita da turi. A bayan babbar mota aka ɗauke ta zuwa Garwa.

Bakaniken da aka kai ni wurinsa dattijo ne. Ya zaro sandar awon man giya, ya shafa a farin tsumma, ya miƙo mini. Mai ya zama baƙi ƙirin, yana ƙauri. Sa'an nan ya nuna mini wasu 'yan haruffa a jikin sandar, ya ce, "Malam, karanta mini nan, ni idona ya yi rauni." Na duba na ga an rubuta T-IV. Ya ce, "Shi ka zuba?" Na ce, "Baba, wallahi ban taɓa lura da rubutun ba." Ya yi murmushi, bai ce kome ba. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya a garejin nan, na kuma bi na tabbatar daga baya, shi ne wannan. A motar kuloci ƙarfe ne ke haɗa inji da taya. A otomatik kuwa man ne da kansa ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ke matse faifan da ke canza giya, shi ke sa santsi, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai shi lagireto ya huce. Saboda haka yana da iyakar zafin da yake jurewa. Lafiyarsa tana tsakanin digiri 80 da 95. In ya kai wajen 115 sai ya fara dafuwa yana barin dauɗa a hanyoyinsa. Wajen 125 robobin da ke tare shi su taurare, yoyo ya ƙaru. In ya doshi 150 kuwa faifan su ƙone, shi ne ƙaurin da muka ji. Masu sana'ar suna da wani ƙiyasi, cewa duk ƙarin digiri 10 ko 11 a kan 80 yana rage rabin kwanan man. Ni na tara wa tawa abu huɗu a rana ɗaya: mai ya yi ƙasa, wanda ke ciki ba a san asalinsa ba, kaya sun yi yawa, ga lagireto ya toshe da ƙurar hunturu.

Batun ja kuwa, rini ne kawai ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da nasa mai suna Dexron a 1967, Ford kuma yana da Mercon. Toyota tana da T-IV, sababbin motocinta da yawa kuma WS suke sha, wanda ya fi tsinkewa. Akwai kuma giyar da ake kira CVT, wadda nata man dabam ne ɗungum. Kowanne da kaurinsa da irin kamun da yake ba faifai. Wanda bai dace ba yakan sa faifai su riƙa zamewa, zamewa kuwa ita ke haifar da zafi.

Gyaran ya ci sefa 280,000, don sai da aka sa wata giyar ta hannu. Wata biyar ina biyan bashi, ina hawa babur ɗin haya zuwa makaranta, yara suna tambaya ina mota. Ranar da na faɗa wa Inna kuɗin, cewa ta yi, "Ɗan nan, garin neman gira ka rasa ido." Ban da amsa.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa masu irin wannan mota, musamman ma'aikata irina da suka sha wuya kafin su same ta. Ku duba sandar awo ko littafin mota ku san sunan manku, ku saye shi a galan mai hatimi. Ku auna shi ko sau ɗaya a wata, a wuri mai daidai, bayan mota ta yi zafi. A irin tawa ana aunawa ne inji yana aiki, giya tana kan P. In ya koma ruwan ƙasa ko yana ƙauri, kada ku jira. Dattijon nan ya ce a zafinmu kada in wuce kilomita 40,000 ban canza ba, kuma shawararsa nake bi. Ku wanke lagireto bayan hunturu, ku rage kaya, tafiyar bazara kuma a yi sammako. In kun ji inji na kuka mota ba ta ja, ku tsaya nan take ta huce.

Har yanzu ina gaya wa yara su karanta umarni kafin su amsa tambaya, sai dai yanzu nakan haɗa musu da labarin Figil, su yi ta dariya. Ba na hana su. Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya, amin.